Kwana Biyu a Ɗakin Yurt na Mew Lake: Inda Ƙaramin Yaro Zai Fara Sanin Hunturun Kanada

Shekara shida ke nan ni da iyalina muna zaune a wata unguwa da ke yammacin Toronto, kuma a duk tsawon wannan lokaci hunturun 'ya'yanmu bai wuce tafiya daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa ƙofar makaranta ba. Ni da maiɗakina a Zariya muka tashi, inda idan iskar hunturu ta kaɗa a Disamba da Janairu, abin da uwa ta sani shi ne ta shafe ɗanta da mai, ta lulluɓe shi, ta hana shi fita sai rana ta ɗaga. Wannan tarbiyya daidai take a muhallinta, domin sanyin can na dare ne da safiya, hantsi na yi ya sassauta. A Ontariyo kuwa, lardin Kanada da Toronto take cikinsa, dusar ƙanƙara tana iya kwanciya daga Disamba har ƙarshen Maris, saboda haka yaron da aka ce sai sanyi ya wuce zai fita, an kulle shi ke nan kusan sulusin shekara. Da na ji 'yarmu mai shekara 7 ta fara cewa ba ta son hunturu, ƙanenta mai shekara 4 kuma yana fashewa da kuka da zarar an ɗauko masa takalmin ƙanƙara, sai na gane cewa tsoron da muka zo da shi ne muke shayar da su, alhali a ƙasar da za su girma wannan tsoro ba abin da zai ƙara musu sai ƙunci.

Wani abokin aikina wanda ya saba kwana a daji ya ba ni shawarar kada in fara da tanti. Ya ce in nemi ɗakin yurt, wato wata irin bukkar tamfol, a sansanin Mew Lake da ke cikin gandun dajin Algonkwin, wanda hukumar Ontario Parks ke kula da shi. Mun je a ƙarshen watan Janairu, mun kwana biyu, kuma abin da na gani shi ne zan bayyana a nan domin iyayen da ke da ƙananan yara irin nawa.

Gandun Algonkwin shi ne mafi daɗewa a cikin gandayen dajin lardin Ontariyo, an kafa shi a 1893, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 7,600. Sunansa ya fito ne daga al'ummar Algonkwin, 'yan asalin wannan yanki tun kafin zuwan Turawa. Daga Toronto ana bin babbar hanya ta 400 da ta 11 zuwa garin Huntsville, sannan a kama hanya ta 60, wadda ta ratsa kudancin gandun na tsawon kilomita 56. Kowane wuri a gandun da lambar kilomita ake kwatanta shi, ana ƙirgawa daga ƙofar yamma, kuma Mew Lake yana ɗan gaba da kilomita ta 30, wato kusan tsakiyar hanyar. Da yara a mota da tsaye-tsayen da ba makawa, tafiyar ta ci mana kusan awa huɗu. Ana share hanyar daga ƙanƙara, amma ba zan ba kowa shawarar ya kama ta ba tare da tayoyin hunturu ba, kuma ya cika tankinsa a Huntsville kafin ya shiga daji.

Asalin yurt bukka ce ta makiyayan Mongoliya da Asiya ta Tsakiya, waɗanda suke kwance ta su ɗora wa dabbobi idan za su tashi. Wanda ke Mew Lake na zamani ne kuma a kafe yake: ɗaki ne guda mai kusurwa takwas, faɗinsa kimanin mita biyar, an ɗora shi a kan daɓen katako, an rufe shi da tamfol mai kauri. A ciki akwai gadaje biyu masu hawa biyu, na ƙasa ya fi na sama faɗi, ta yadda mutum shida za su iya kwana, sai tebur da kujeru da fitilar lantarki da hita mai aiki da lantarki. A waje akwai murhun gashi mai aiki da gas, da teburin cin abinci, da wurin hura wuta. Katifun suna da rufin leda, babu zanen gado, babu bargo, babu matashi, duk kai za ka zo da su. Babu famfo ko banɗaki a cikin ɗakin, amma a cikin sansanin akwai wani gini mai ɗumi da aka tanada da makewayi da wurin wanka da ruwan zafi, kuma a buɗe yake duk hunturu.

Wanda ya karanta wannan bayani zai iya cewa ai ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma gaskiya ne cewa ɗakin ba shi da ado. Darajarsa tana cikin abu guda: ɗumi yana nan taku goma daga inda yaro yake wasa. Ƙaramin yaro ba ya jure sanyi kamar babba, domin fatar jikinsa tana da yawa idan aka gwada da nauyinsa, saboda haka zafin jikinsa yana saurin fita, kuma sau da yawa ba ya iya faɗin abin da yake ji sai abin ya yi nisa. Idan kwanan farko da yaro ya yi a daji ya kasance na rawar ɗari a cikin tanti, da wuya ya sake yarda. A yurt kuwa muna fita na rabin awa, mu dawo mu cire safar hannu mu shanya kusa da hita, a sha kunu, sannan a sake fita. A yinin farko autanmu bai wuce minti ashirin a waje ba ya nemi komawa, kuma ban hana shi ba. Washegari da kansa ya ɗauko takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ban lallashe shi ba, ban kuma yi masa faɗa ba, sanin da ya yi cewa ƙofar ɗumi a buɗe take duk lokacin da ya so shi ne ya ba shi ƙarfin zuciya.

An hana girki a cikin ɗakin, kuma wannan doka ce da nake so 'yan'uwana su ɗauke ta da muhimmanci na musamman. Da yawanmu mun tashi muna ganin ana shigar da kaskon garwashi ɗaki a daren hunturu, a rufe ƙofa da taga, kuma mun sha jin labarin waɗanda suka kwanta a haka ba su farka ba. Gawayi da gas da kananzir idan suna ci a rufaffen wuri suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mutum ya ji ciwon kai da kasala da barci, daga nan sai abin da Allah ya yi. Duk tsananin sanyi, kada a shigar da risho ko murhun gas ko garwashi cikin yurt ko tanti. Hitar lantarkin da ke ɗakin ta ishe mu. A daren da ma'aunin motarmu ya nuna digiri 19 ƙasa da sifili, mun kwana cikin rigunan barci masu kauri da jakar barci, babu wanda ya farka saboda sanyi. Abin lura kawai shi ne daɓen ya fi sauran ɗakin sanyi, don haka a zo da darduma ko tabarmar roba da silifas na ciki, a kuma bar takalman waje a bakin ƙofa domin kada ƙanƙara ta narke ta jiƙa wurin da yara ke zama.

Tun da girki a waje ake yi, maiɗakina ta dafa komai tun daga gida: dafa-duka, da miyar taushe, da naman da muka saya a mahautar halal ta unguwarmu. Abin da ya rage mana a can shi ne ɗumamawa, wanda ba ya wuce minti goma a tsaye cikin sanyi. Kunun gyaɗa da shayi mai citta a cikin fulas sun fi komai amfani, domin jiki yana ƙona abinci da sauri a cikin sanyi, kuma yaro da ya ji yunwa sanyi ya fi saurin kama shi. Sannan a riƙa tuna musu shan ruwa, saboda a cikin sanyi ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba ko da jikinsa yana bukata. Jarkar ruwan da muka manta a mota ta daskare ta zama dutse kafin safiya, don haka ruwan sha a cikin ɗaki ake ajiye shi. Itacen hura wuta kuma a gandun ake saye, ba a ɗauko shi daga nesa, domin ta cikin itace ne ƙwarin da ke kashe bishiyoyi suke yaɗuwa daga wani yanki zuwa wani.

Batun salla bai ba mu wahala ba. Da ruwan ɗumi muke alwala a ginin wanka, sai dai a goge fuska da hannu su bushe sarai kafin a fito, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin daskarewa. Idan aka tura tebur gefe, mutum biyu suna samun wurin sahu, yara a bayansu. Yinin gajere ne, kafin ƙarfe 5:30 duhu ya fara sauka, saboda haka azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa, kuma da su muka tsara fitarmu da dawowarmu.

Yanzu sai in zo kan kuskuren da na yi, wanda shi ne darasi mafi girma a tafiyar. Takalmin autanmu a wani shago mai araha na saye shi, mai shagon ya tabbatar mini cewa zai jure kowane irin sanyi, ni kuma don ƙarin kariya sai na sa masa safa biyu ta auduga. Duka biyun kuskure ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikin fata, safa biyu kuma suka matse takalmin har jini bai gudana yadda ya kamata. A safiya ta biyu muna cikin gina ɗaki da ƙanƙara sai na lura yaron ya yi shiru, ya daina gudu, ya tsaya wuri guda. Na durƙusa na ce, "Auta, mene ne?" Ya ce, "Baba, ba na jin ƙafata." Cikin minti biyu mun shiga ɗaki. Da na cire safar na tarar da yatsunsa sun yi sanyi ƙalau, launinsu ya koma toka-toka, ko da yake fatar ba ta yi tauri ba. Ban murza su ba, ban kuma kanga su a jikin hita ba, domin murzawa tana lalata fatar da ta fara daskarewa, ƙafar da ba ta ji kuma tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Na ɗaga rigata na manna tafin ƙafarsa a cikina, uwarsa ta rufe mu da bargo, har jini ya dawo ya fara kukan zogi, wanda a wannan hali alama ce mai kyau.

Abubuwa biyu na riƙe daga wannan. Na farko, yawancin bayanan da ake rabawa iyaye a nan suna cewa a duba ko fata ta yi ja, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa fili; abin dubawa a wurin 'ya'yanmu shi ne dusashewar launi zuwa toka, da tauri, da rashin ji, kuma sai an kai hannu an taɓa kumatu da kunne da yatsu a kai a kai, ba a tsaya ga kallo ba. Shirun yaro mai surutu ma alama ce. Na biyu, da a ce muna cikin tanti ne a wani wuri mai nisa da mota, da wannan ƙaramin abu ya iya zama babba. Daga nan muka koma ga ƙa'idar da mutanen ƙasar suka sani: rigar ciki ta ulu ko ta zaren roba mai fitar da gumi, sai riga mai laushi mai riƙe ɗumi, sai ta waje mai tare iska da ruwa; safa guda ta ulu a cikin takalmi mai wadataccen wuri; safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda, domin ta fi mai raba yatsu ɗumi; da kuma ajiye wasu busassun a aljihu. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada tana ba da shawarar a bar yara a ɗaki idan sanyi, ko sanyin da iska ta ƙara wa kaifi, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili, kuma wannan ita ce iyakar da muka sa wa kanmu. Man kaɗanyar da muka zo da shi kuma ya yi aikinsa a kan kaushi da tsagewar leɓe kamar yadda yake yi a gida, sai dai kada a ɗauka yana hana daskarewa, wannan aikin sutura ne.

Abin yi a waje yana da yawa fiye da abin da ƙananan ƙafafu za su iya. A cikin sansanin akwai filin zamiya a kan ƙanƙara da ake gyarawa idan yanayi ya ba da dama, kuma daga nan ake kama tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, wadda attajirin katako J. R. Booth ya shimfiɗa a shekarun 1890, yanzu an cire dogon an mayar da ita hanyar ƙafa da keke. Shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangara, saboda haka mun sa autan a cikin kwale-kwalen roba muna jan sa a kan ƙanƙara, yayarsa kuma tana gaba da faffaɗan takalman da ke hana nitsewa. Tafkin kansa ya daskare ya yi fari fat, amma mun hana su taka shi ko da taku ɗaya, domin ba mu da ilimin sanin kaurin ƙanƙara.

Wurin da ya fi burge ni shi ne hanyar Spruce Bog, kusa da kilomita ta 42, zagaye ne na kilomita ɗaya da rabi wanda wani sashensa gadar katako ce a kan fadama. A nan ne ƙananan tsuntsaye masu baƙar hula suka riƙa sauka a rassan da ke daf da kanmu, sannan wani tsuntsu mai ruwan toka, wanda ake kira jay na Kanada, ya zo ya tsaya yana kallonmu, da zobba masu launi a ƙafafunsa. Zobban na masu bincike ne, waɗanda suka shafe shekaru fiye da 50 suna bin rayuwar wannan tsuntsu a Algonkwin. Ba ya ƙaura idan sanyi ya zo. Tun da kaka yake manna abinci a ɓawon bishiyoyi da yawunsa mai danƙo, sanyi ya adana masa, har ya iya yin sheƙa ya kwanta a kan ƙwai a ƙarshen hunturu alhali ƙanƙara tana ko'ina. Da na bayyana wa 'yata haka sai ta ce, "Ashe shi ma rumbu gare shi irin na Kaka." Ba mu ba su abinci ba, domin dokar gandun ta hana ciyar da namun daji. Daga nan cibiyar baƙi ba nisa, tana kilomita ta 43, an buɗe ta a 1993 lokacin da gandun ya cika shekara 100. A ciki akwai siffofin kyarkeci da beyar da mus, wata ƙatuwar dabba mai dogayen ƙafafu da ta fi gwanki girma, kuma wuri ne mai kyau na ɗumama jiki a tsakiyar yini. A daji ba mu ga mus ba, sai sawunsa a gefen hanya, amma da yamma mun ga wata dabba mai kama da tunku, mai jan gashi da doguwar jela, tana tsalle a reshe kusa da sansanin. Hunturu yana da wata fa'ida da ban yi tunaninta ba sai a can: babu sauro, babu ƙudajen da ke cizo a farkon bazara, beyar kuma tana cikin raminta tana barci.

Da dare muka hura wuta, muka kashe tocila, 'yata ta ɗaga kai ta ga taurari yadda ba ta taɓa gani a Toronto ba, ta kama hannuna ta yi shiru. Rabona da ganin sama haka tun ina yaro a ƙauyen kakanninmu. Daren yana da nasa aikin kuma: tafiya makewayi da ƙarfe biyu na dare tana nufin sa wa yaro cikakkiyar sutura, don haka mai ɗa ƙasa da shekara 5 ya zo da fo mai murfi, ya kuma ajiye tocila a inda hannu zai kai. Sanyi yana shanye batirin waya da sauri, a riƙa ajiye ta a aljihun ciki.

Wanda yake neman jin daɗin otal, da kafet da talabijin da banɗaki a ɗaki, wannan wuri ba nasa ba ne, haka ma wanda ya ƙware yake son ya ratsa daji da kaya a baya. Na iyali ne masu yara daga shekara 3 zuwa 8 waɗanda ba su taɓa kwana a waje cikin ƙanƙara ba, musamman irinmu da iyayen kansu koyo suke yi. Ga mai jariri da bai fara tafiya ba, ni dai zan ce ya jira, domin jaririn da ke zaune wuri guda ba ya motsin da zai ɗumama shi, kuma ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Kuɗin ɗakin ya fi na filin kafa tanti, amma a wurinmu babban kashin kuɗin ya tafi ne a sutura, kuma mafi yawanta a shagunan gwanjo muka same ta da rahusa, ban da takalmi, wanda bayan abin da ya faru na sayi mai inganci ban yi ciniki ba. Ma'aikatan da muka haɗu da su sun amsa tambayoyinmu da haƙuri, ɗakin kuma mun same shi a share tsaf.

Ɗakunan kaɗan ne, masu so kuma suna da yawa, musamman a ƙarshen mako da kuma hutun Ranar Iyali, wadda ke faɗowa Litinin ta uku a watan Fabrairu. Ana buɗe kama ɗaki a shafin Ontario Parks wata biyar kafin ranar zuwa, da ƙarfe 7 na safe, wanda ke nufin mai son kwana a ƙarshen Janairu sai ya zauna gaban kwamfuta tun ƙarshen Agusta, lokacin da zafi bai bar kowa ya tuna da ƙanƙara ba. Tsakiyar mako ya fi sauƙin samu ga wanda aikinsa ya ba shi dama. A hanyarmu ta dawowa 'yata ta tambaye ni yaushe za mu kwana a tanti na gaske. Na ce mata baɗi, in Allah ya kai mu, za mu sake kama yurt, ni da ita mu gwada dare ɗaya a tanti a cikin sansanin, Umma da Auta suna ɗaki da hita a kunne, idan sanyi ya fi ƙarfinmu mu je mu ƙwanƙwasa musu ƙofa.